A Buɗe Ƙofar Majalisar Ƙaramar Hukuma

Ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a kan ƙarar da Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnonin jihohi 36 game da kuɗin ƙananan hukumomi. Kotun ta ce kason da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ke samu daga asusun tarayya a riƙa biyan su kai tsaye, ba tare da ya biya ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe majalisar da jama'a suka zaɓa domin ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo a gurbinta. Jama'a sun yi murna da wannan hukunci, kuma murnar tasu tana bisa hanya, ko da yake an shafe watanni bayan nan ana ta jayayya a kan yadda za a aiwatar da shi.

To, amma akwai wata tambaya da hayaniyar murna ta danne, wadda a ganinmu ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Idan kuɗin ya iso sakatariyar ƙaramar hukuma cif-cif, wa zai sa ido a kansa? Wa zai ce a gyara wannan magudanar ruwa kafin a fenta wancan ofis, ko a biya malaman makaranta kafin a sayi motar shugaba? Tsarin mulki ya riga ya ba da amsa: majalisar zaɓaɓɓun kansiloli. Abin takaici shi ne, a yawancin biranenmu mutum zai shekara goma a unguwa bai taɓa jin ranar da majalisar tasa ta zauna ba, balle ya san abin da aka tattauna a cikinta.

Yana da kyau mu tuna wa mai karatu abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi, jadawali na huɗu kuma ya zayyana ayyukansu. A cikinsu akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, da tanadin maƙabartu, da kwashe shara, da gina hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a harkar makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa rayuwar talaka ce tun daga ranar suna har ranar jana'iza. Mai sayar da tumatir a bakin kasuwa ba ruwanta da abin da ake muhawara a kai a Majalisar Dattawa a Abuja, amma tana da ruwa da wanda ya raba rumfuna da wanda yake yankar mata rasit kowace safiya.

Ba yau aka fara wannan magana a ƙasar Arewa ba. A zamanin En'e kowace masarauta tana da baitulmalinta, da ma'aji, da kasafin kuɗin shekara wanda ake bi sisi-sisi. Da kuɗin baitulmali En'e ta Kano ta jawo wa birni ruwan famfo daga Challawa, ta kuma kawo wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Duba-gari na shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata, kuma kowa na shakkarsa. Aibin wancan tsari shi ne talakan da ke biyan haraji ba shi da bakin magana a kan yadda ake kashe shi, kuma an sha zaluntarsa wajen karɓa. Wannan ne ya sa a watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a yi masa gyara. Gyare-gyaren da suka biyo baya sun kai ga babban garambawul na 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, da Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa a matsayin mataimakinsa, ta kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. A 1991 kuma aka raba aikin shugaban ƙaramar hukuma da na kansiloli, ya zama shi ne mai zartaswa, su kuma masu yin dokoki da amincewa da kasafi. Manufar duk waɗannan matakai guda ce, wato a ba mai biyan haraji kujera a wurin da ake yanke shawara.

Me ya sa kujerar ta zama wofi? Dalilai uku ne muke gani. Na farko, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. An yi shi ne domin jiha ta ƙara nata kason a kan na tarayya a raba, amma a jihohi da yawa ya zama tarko, inda ake cire abin da aka ga dama a miƙa wa ƙaramar hukuma abin biyan albashi kawai. Majalisar da ba ta da kuɗin da za ta tsara, me za ta zauna ta tattauna? Na biyu, yadda ake gudanar da zaɓen. A watan Oktoba na 2024 jam'iyyar da ke mulkin Jihar Kano a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 gaba ɗaya, a wannan watan kuma wata jam'iyyar dabam da ke mulkin Jihar Kaduna ta lashe shugabanni 23 da kansiloli 255 ba ta bar ko ɗaya ba. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Kansilan da ya san ba ƙuri'ar unguwa ce ta kai shi ba, da wuya ya ji tsoron unguwa.

Dalili na uku ya shafe mu ne mu talakawa. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, aka sauke wa manoma da makiyaya wani nauyi da ya daɗe yana danne su. Wannan alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai tun da kuɗin ƙaramar hukuma ya koma fitowa daga asusun tarayya, jama'a suka ɗauke shi tamkar kyauta daga nesa, abin da ba na kowa ba. Alhali kuwa kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga wannan asusu na ƙananan hukumomi ne, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 yawan nairorin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai. Wanda ya sayi mai da tsada, ya hau mota da tsada, ya sayi masara da tsada, shi ne ya biya wannan ƙari. Dukiyarsa ce, kuma yana da haƙƙin ya bi sawunta.

Idan aka ɗauke kuɗi daga hannun gwamna aka miƙa wa ciyaman shi kaɗai, ba tare da majalisa mai rai a gefensa ba, to, an gudu ne ba a tsira ba. Gwamna ɗaya ne a jiha, idanun 'yan jarida da na 'yan adawa na kansa. Shugabannin ƙananan hukumomi kuwa 774 ne, yawancinsu ba mai leƙa littafinsu.

Ga misalin irin maganar da ta kamata majalisar birni ta riƙa yi a bainar jama'a. Kowace damina ruwa na cin gidaje a unguwannin biranenmu, kuma kowa ya san dalili: magudanai sun toshe da leda da shara, an kuma yi gini a kan hanyar ruwa. Yashe magudanar ruwa aikin rani ne. Ya kamata tun watan Fabrairu ko Maris kowane kansila ya kawo jerin lambatun da suka toshe a mazaɓarsa, a tattauna wanda za a fara da shi, a faɗi kuɗin, a faɗi sunan ɗan kwangila, a sa ranar gamawa. Da haka idan ruwan Agusta ya shiga ɗakin mutum, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Haka nan rabon rumfunan kasuwa, wanda ya sha haddasa gaba tsakanin 'yan kasuwa saboda ana yin sa a ɓoye. Haka nan kuɗin shiga na tasha da mayanka, wanda ake karɓa kullum amma ba a taɓa gaya wa jama'a nawa aka tara a wata ba. Haka nan maƙabartun da suka cika, da ajujuwan firamare da iska ta yaye wa rufi.

Manyan birane suna da wata matsalar ta daban. Birnin Kano da kewayensa ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Garin Kaduna ya rabu tsakanin Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Sharar da aka zuba a rafin Jakara a cikin birni, mutanen da ke ƙasa da su ne za su kwana da ita. Saboda haka ya wajaba majalisun da ke birni ɗaya su kafa kwamitin haɗin gwiwa mai zama a kai a kai kan magudanai da shara da tashoshi, su kuma gayyaci hukumomin jiha masu kula da tsafta da tsara birane su zo su yi bayani, domin sau da yawa aikin jiha da na ƙaramar hukuma kan cuɗe, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Muna ba da shawarar matakai huɗu, waɗanda babu ɗayansu da ke bukatar gyaran tsarin mulki ko wani kuɗi mai yawa. Da farko, kowace majalisa ta tsayar da ranakun zamanta na shekara, ta manna su a ƙofar sakatariya da ƙofar hakimi da bakin kasuwa, a kuma sanar a rediyo. Na biyu, a buɗe ƙofar zauren ga duk mai son saurare, a tanadi benci ko tabarma, a kuma yi muhawarar da harshen da jama'ar wurin ke ji. Na uku, a fassara kasafin kuɗin shekara zuwa Hausa a takarda ɗaya ko biyu, a karanta shi a kowace mazaɓa a gaban mai unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata kafin a amince da shi. Na huɗu, bayan kowane wata uku ma'aji ya zo gaban majalisa ya faɗi abin da ya shigo daga tarayya, da abin da aka tara a gida, da inda kowanne ya tafi, a kuma buga rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha domin kowa ya gani.

Mun san za a ce kansiloli da yawa ba su da zurfin ilmin da za su fahimci kasafi, kuma buɗe ƙofa zai mai da zaure dandalin 'yan siyasa da masu ihu. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa horo ne da ƙa'idar zama. Kansilan da bai iya karanta jadawalin kuɗi ba ya san lambatun da ya toshe a unguwarsu fiye da kowane injiniya, abin da yake bukata kawai magatakarda mai gaskiya da zai warware masa alƙaluma. Hayaniyar da za a yi a zaure kuwa ta fi sauƙi a kan wadda ake yi a titi bayan ruwa ya ci gida ko gobara ta ci kasuwa. Kuma ko da jam'iyya ɗaya ce ta cika majalisa, kansilan da ya ga maƙwabtansa zaune a benci suna kallonsa ba zai ɗaga hannu ya amince da abin kunya cikin sauƙi ba.

A nan ne muke juyowa ga ma'aikatan gwamnati. Shugabanni na zuwa su tafi, amma daraktan mulki da ma'aji da magatakardan majalisa da jami'in lafiya suna nan. Su ne ke rubuta takardar biya, su ne ke ajiye bayanin zama. Babu kuɗin da ke fita daga baitulmali sai da sa hannun ma'aikaci, kuma ranar da masu bincike suka zo, sa hannun ne za su fara dubawa. Ma'aikacin da ya rubuta bayanin zaman da ba a yi ba, ko ya sa hannu a kan aikin da bai gani ba, ya sani cewa amanar unguwarsu ya ci, kuma 'ya'yansa ne za su zauna a ajin da ba rufi.

Ɗalibai kuma, musamman na jami'o'i da kwalejoji masu karanta ilmin mulki da lissafin kuɗi da aikin jarida, ga fili ya samu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma duk mai waya a hannu zai iya duba shi a intanet. Ku duba na ƙaramar hukumarku, ku rubuta shi a takarda, ku je sakatariya cikin ladabi ku tambayi ranar zaman majalisa, ku zauna ku saurara, ku koma ku gaya wa iyayenku abin da kuka ji. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa, waɗanda suka saba shirya bikin karrama manya, za su fi amfanar garinsu idan suka ɗauki wannan aiki.

Kotu ta yi nata. Saura majalisun dokokin jihohi su sa buɗe zama da buga kasafi a cikin dokokin ƙananan hukumominsu, kansiloli su zauna a ranakun da suka ɗiba, jama'a kuma su cika bencin da aka tanadar musu. Hausawa sun ce idan kana da kyau ka ƙara da wanka. 'Yancin kuɗi ya samu a takarda, sai a ƙara masa da idon jama'a tun kafin damina mai zuwa ta same mu da magudanai a toshe. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu himmar tambaya.