Buhu nawa ka samu, ko nawa ya rage maka? Zare kan binciken akanta da noman yankinmu

1/ Jama'a, ƙanena ya kawo min furojet ɗinsa na kammala digirin akanta in duba masa. Shafi 80 a kan ribar bankunan da hedikwatarsu ke Legas. A Gozaki aka haife shi. Na tambaye shi nawa buhun masara ɗaya ya ci wa babanmu bana, daga huɗa zuwa sito. Shiru. Ku biyo ni. 🧵

2/ Lissafin kasuwanci iri biyu ne. Akwai wanda ake shirya wa na waje, wato masu haraji, banki da masu hannun jari. Akwai kuma na cikin gida, wanda mai harka ke yi don ya yanke shawara: me zan ƙara, me zan bari, ta ina kuɗi ke zurarewa? Kan na biyun nake magana.

3/ Ku leƙa laburaren sashen akanta, za ku ga yawancin binciken tafiyarsa ɗaya. A sauke rahoton shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, a zuba a kwamfuta, a fitar da ribar kadara da ribar jari, a sa hannu. Ba laifi ba ne. Amma wa zai yi aiki da shi a Kafur ko Bakori?

4/ Su kansu Turawan sun daɗe da kuka da wannan. A 1987 Thomas Johnson da Robert Kaplan sun rubuta littafin Relevance Lost, suna cewa lissafin da kamfanonin Amurka ke yi ya daina taimakon manajoji. Alƙaluman na zuwa a makare, kuma don na waje aka tsara su.

5/ A 1992 Kaplan da David Norton suka fito da allon awo mai fuska huɗu: kuɗi, kwastoma, yadda aiki ke gudana a ciki, sai koyo da ci gaban ma'aikata. Sun kai ga haka ne bayan sun zauna da kamfanoni sun ga aikinsu. Mu kuma mun haddace fuskokin huɗu don jarrabawa, mun bar zaman.

6/ Ga misali na gida. A ce Malam A ya samu buhu 40, amma taki, feshi, ƙwadago, hayar gona da kuɗin mota sun cinye kwatankwacin buhu 34. Malam B ya samu 25, ya kashe na 15. A majalisa wa ake kira babban manomi? A. Wa ya fi komawa gida da riba? B, buhu 10 a kan 6.

7/ Muna auna manomi da tsayin tarin buhu, shi ya sa wasu ke cin uwar kuɗi suna zaton riba ce. A 2025 da farashin hatsi ya faɗi taki kuma yana sama, da yawa sai a bakin kasuwa suka gane sun faɗi. Wanda ya san abin da buhu ɗaya ya ci masa, tun kafin shuka zai san inda zai tsaya.

8/ Kada wani ya ce ba a iya irin wannan binciken a ƙauye. A 1966 zuwa 1967 David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi manoman Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi, ana rubuta aikinsu da abin da suka kashe. Ya nuna haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya dabara ce, ba rashin wayewa ba.

9/ Paul Clough ma ya zauna a Marmara, nan kusa da Malumfashi, daga 1977 zuwa 1979, yana bin yadda fataken hatsi ke juya jari da bashi tsakaninsu. Mutum ya taso daga wata ƙasa ya yi shekara biyu. Mu da muka san hanyar ko da daddare, mun zaɓi sauke fayil.

10/ Abin bincike kam ga shi jibge. Funtua na cikin wurare uku da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a 1975, tare da Gusau da Gombe. Ga masaƙar Funtua, ga injinan gurzar auduga, ga kasuwar hatsi ta Dandume. Ɗan sito da ke ajiye masara wata shida, ya yake lissafin ƙwari, haya da raguwar nauyi?

11/ Haka shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Kullum labari shi ne biliyan nawa aka raba, manoma nawa suka karɓa. Nawa ya rage a hannun manomi bayan ya biya? Idan rabawa ce ma'auni, kowa zai ƙware a rabawa.

12/ Na san abin da za ku ce. Ɗan kasuwa ba ya buɗe littafinsa, yana tsoron haraji da bakin mutane, yanzu ga masu garkuwa. Wallahi gaskiya ne, a yankinmu a san kana da kuɗi ba ƙaramin haɗari ba ne. Ɗalibi kuma ba shi da kuɗin mota, lokaci na ƙure masa.

13/ Amma akwai mafita. A ɓoye suna da gari, a yi aiki da kaso maimakon adadin naira. Kuma a fara da gida: gonar babanka, shagon yayarka, injin niƙan kawunka. Wanda ba zai nuna wa baƙo ba, zai iya nuna wa ɗansa.

14/ Roƙona ga malamanmu na ABU Zariya, BUK, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma: ku karɓi binciken sana'a ɗaya tak, in dai an bi ta damina guda da gaske. Kuma a taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, a mayar wa mai sana'ar.

15/ Ku kuma matasa, ba sai da digiri ba. Littafi ɗaya, layi uku: kwanan wata, me aka yi, nawa aka kashe. Ku sa har da aikin 'yan gida da buhun da aka ci, su ma kuɗi ne. Bayan girbi ku raba jimillar da yawan buhu.

16/ Ƙanena ya ce bana shi zai riƙe littafin gonarmu. Allah ya sa ya cika alkawari. Ku fa, a gidanku akwai wanda ya san nawa buhu ɗaya ya ci bara? Ku faɗa min a ƙasa, ba sai kun ambaci sunan gari ba.