ASIBITI BA FENTI BA NE

Wani zai ce, ina ruwan manomi da asibitin birni? To ku tsaya ku ji. Ɗanka da ya tafi ci rani Kano ba a Nassarawa yake kwana ba. Yana can Rimin Kebe ko Kurna ko Dorayi, inda gidaje suka cunkushe, kwata tana bin ƙofar gida. 'Yarka da aka kai aure birni, can naƙuda za ta kama ta da tsakar dare. Ashe kuwa maganar taku ce.

Tun 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince a kai magani kusa da talaka. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Doka tana nan. Saura aiki.

To yaya za a gina shi? Da farko a tambayi matan unguwa inda za a sa shi, domin su ne masu goyo, su ne masu zuwa awo. A sa shi inda mai ciki za ta isa da ƙafa, mota kuma ta iya shiga ko da damina.

A haƙa rijiyar burtsatse kafin a ɗora bulo, bayan gida kuma ya yi nesa da ita. A sa wutar hasken rana, domin allurar rigakafi ba ta jure zafi. In firji ya mutu, maganin ƙyanda ya tashi aiki. A yi rumfar jira mai inuwa da tagogi masu faɗi, kada mai tari ya shafa wa jariri. Ɗakin haihuwa ya sami ƙofarsa daban, saboda sutura. Uwa uba, a gina wa ungozoma ɗakin kwana a cikin harabar. Haihuwa ba ta san an tashi daga aiki ba.

Mun sha ganin ginin da aka shafa wa fenti, aka yanka ƙyalle, aka yi kiɗa, bayan wata shida awaki ne ke kwana a ciki. Ɗan kwangila ya ci, talaka ya koma wajen mai tallar magani a tasha.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo garinku da alkawarin asibiti, ku tambaye shi abu huɗu: ina ruwa, ina wuta, ina ungozoma, kuma wa zai buɗe ƙofa da dare? Ma'aunin birni shi ne na ƙauye. Wanda ya amsa, ku riƙe maganarsa. Wanda ya kama kame-kame, ku riƙe ƙuri'arku.

Lafiya uwar jiki. Kada ku sayar da ita a kan sabulu da atamfa.