Ilmin Falaki Ba Duba Ba Ne

Duk wanda ya saba kwana a tsakar gida lokacin bazara, ya kuma saba duban sama da natsuwa, zai lura cewa rana da wata da taurarin nan masu tafiya, wato Zara da Mirriku da Mushtari da Zuhal, ba sa yawo barkatai a sararin samaniya, sai dai su bi wata siririyar hanya guda wadda ta ratsa buruji goma sha biyu, wadda malaman hisabi suke kira falakin buruji. Dalili kuwa shi ne, duniyarmu da 'yan'uwanta suna kewaya rana kusan a bisa shimfiɗa ɗaya, tamkar ƙwayoyin gero a kan faifai, ko da yake kowace tana da 'yar karkatarta idan aka auna ta da hanyar duniya. In aka raba da'ira daraja 360, Uɗarid, wanda ya fi kowa kusa da rana, ya karkata da daraja 7, Zara da daraja 3 da ɗoriya, Zuhal da biyu da rabi, Mushtari kuwa, duk girmansa, daraja ɗaya ce da 'yan kai.

Amma karkatar da ta fi shafarmu ita ce ta wata, wadda ta kai kimanin daraja 5. Da a ce hanyar wata ta kwanta daidai a kan hanyar duniya, da kowane ƙarshen wata sai rana ta yi husufi, kowane daren sha huɗu ko sha biyar kuma sai wata ya yi, har abin ya zama ba labari ba. To amma saboda wannan karkata, mafi yawan lokuta wata yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar duniya bai taɓa ta ba, sai fa idan cikarsa ko ɓuyarsa ta dace da isowarsa ɗaya daga mahaɗai biyun nan inda hanyoyin suka gitta juna, abin da ke yiwuwa kusan bayan kowane wata shida. Shi ya sa masu hisabi suka iya faɗin rana da sa'ar husufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda ya duhunta Gusau da wasu sassan Nijar da hantsi, tun shekaru da dama kafin aukuwarsa.

To, a nan ne nake da magana. Abin takaici ne ƙwarai a ce al'ummar da sallarta da azuminta da hajjinta duk suka rataya a kan tafiyar rana da wata, ita ce kuma take ɗari-ɗari da wannan fanni, har wasu na ganin duk mai maganar buruji boka ne ko ɗan duba, alhali tsakanin mai lissafin inda tauraro zai kasance da mai da'awar cewa tauraron zai kawo wa wane arziki ko tsiya akwai tazarar da ke tsakanin ilmi da camfi. Yara su fito da gwangwani suna kaɗawa wai rana ta kama wata, wannan wasa ne na gargajiya, ba ya cutar da kowa. Amma a watan Janairun 2001, da wata ya yi husufi, sai da wasu matasa a Maiduguri suka cinna wa otal-otal wuta bisa zaton zunubin mutanen ciki ne ya jawo shi. Ga shi kuwa tun ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rasu, rana ta yi husufi, Annabi ya kore zaton cewa mutuwar wani ko rayuwarsa ke sa haka, ya umarci mutane da salla da addu'a. Sanin sababi ba ya rage tsoron Mai sababin, illa ma ya ƙara shi.

Magabata ba su yi wannan ƙyamar ba. Ita kanta duniya a karkace take juyawa, da daraja 23 da kusan rabi, kuma malaman Musulunci sun ɓata shekaru suna auna wannan karkata: masanan Halifa Ma'amun a Bagadaza wajen shekarar 830 suka sami daraja 23 da daƙiƙa 33, Albattani a Raƙƙa ya sami daƙiƙa 35, sa'an nan Alhujandi, wanda ya gina wata ƙatuwar ma'auna kusa da birnin Rayyu a shekarar 994, ya kwatanta sakamakonsa da na mutanen da, ya ce lalle karkatar raguwa take yi sannu a hankali, kuma binciken zamani ya gaskata shi, domin yau daƙiƙa 26 ce.

Ba sai an sayi madubin hangen nesa za a koya wa yaro wannan ba. Malami ya kafa sanda a tsaye a filin makaranta a Kano, ya sa almajirai su riƙa zana ƙarshen inuwarta kullum lokacin zawali, za su ga a watan Disamba ta miƙe dogo wajen arewa, tana ta gajarta har ta shige ƙarƙashin sandar wajen ƙarshen Afrilu, ta ɓulla ta kudu, sa'an nan ta sake ɓacewa a watan Agusta. Ina roƙon masu tsara manhajar makarantun Islamiyya da na boko su ba wannan darasi gurbi kusa da babin lokutan salla, inda ya dace da shi.

Kai kuma mai karatu, tun da Makka tana cikin yankin da rana ke ratsawa ta tsakar ka, ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijeriya da Nijar rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba. Ka fita a wannan sa'a ka fuskance ta, ka gwada alƙiblar masallacin unguwarku.