NAZARI: Daga damben gargajiya zuwa boksin na kuɗi: matakin da bai kamata matasan Bodinga da Shagari su tsallake ba

Tun daren 28 ga Oktoban 2023, lokacin da Francis Ngannou ɗan Kamaru ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku a birnin Riyad na Saudiyya, wata tambaya ta samu gurbi a zukatan masu sha'awar dambe a Arewa. Ngannou bai taɓa yin karawar boksin ta ƙwararru ba kafin wannan dare, amma ya yi turmi goma da zakaran duniya, kuma da ƙyar alƙalai suka ba Fury nasara, biyu da ɗaya. To idan haka ne, me zai hana ɗan damben gargajiya da ya saba kisa a fagen Sakkwato ya sanya safar hannu, ya nufi inda kuɗi suke kai tsaye?

Tambayar ta shafi garuruwa irin Bodinga da Shagari, waɗanda ke kan hanyar da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu zuwa Jega. A ƙasar Sakkwato dambe tsohuwar al'ada ce da ta taso daga hannun mahauta, ana yin ta da kaka bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Daga wannan ƙasa Ɗan'anace ya fito, wanda waƙarsa ta sa sunan Shago ya zama laƙabin 'yan dambe har yau. Yanzu kuma wayar hannu ta kai damben ga idon duniya. Shafin Dambe Warriors ya tara masu kallo a YouTube, kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu kuma ya ƙulla yarjejeniya da tashar DAZN. Matashin da ya ga wannan, ya kuma ji ana ambaton miliyoyin daloli a boksin, ba laifinsa ba ne idan ya fara lissafi. Sai dai lissafin yana da giɓi, kuma giɓin na iya cin rai.

Wasanni biyu ne, ba ɗaya ba

A damben gargajiya hannu ɗaya ake ɗaure wa zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa ce da ake miƙawa gaba don kariya da auna tazara. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. A boksin hannu biyu ne ke duka, kuma hannun gaba, wanda ɗan damben gargajiya ya saba buɗewa, shi ne ya fi aiki. Kowane turmi minti uku ne. Sabon shiga yakan fara da turmi huɗu, masu neman kambu su kai goma sha biyu.

Babban bambancin yana wajen faɗuwa. A fagen gargajiya faɗuwa ita ce ke raba mutum da ƙarin duka. A boksin kuwa alƙalin wasa zai ƙirga, idan wanda ya faɗi ya miƙe kafin goma, kuma alƙalin ya ga zai iya, sai a ci gaba. Ke nan mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta girgiza zai iya komawa ya sha wani naushin a cikin daƙiƙu kaɗan. Jarumtakar da ake yi wa kirari a gidan dambe, wato ƙin ja da baya, ita ce ke jefa wanda bai koyi kare kai ba cikin haɗari a kan dandamalin boksin.

Amfanin matakin 'yan koyo

Saboda haka ne duniyar boksin ta kasu gida biyu. Akwai matakin 'yan koyo, inda ake fafatawa don lambar yabo a gasannin jiha, na ƙasa, har zuwa Olamfik, wanda a Najeriya yake hannun hukumar boksin ta ƙasa, NBF. Akwai kuma matakin ƙwararru masu neman kuɗi, wanda hukumar NBBofC ke ba da lasisinsa. A matakin farko turmi uku kawai ake yi, ana haɗa mutum da sa'ansa a nauyi da shekaru, alƙalin wasa na saurin tsayar da karawa, kuma wanda aka sumar sai ya huta na tsawon makonni kafin a bar shi ya dawo. A nan ne ɗan wasa ke shan kaye ba tare da ya rasa abincinsa ko lafiyarsa ba.

Tarihin Najeriya shaida ne. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu daga boksin ta fito, hannun Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964. Samuel Peter ya wakilci ƙasar a gasar Sydney ta 2000 kafin ya ɗauki kambun WBC na ajin masu nauyi a 2008. Efe Ajagba ya ci zinare a gasar Afirka ta 2015, ya je Olamfik ta 2016, sannan ya shiga sahun ƙwararru a Amurka. Anthony Joshua, wanda asalinsa Shagamu ne a Jihar Ogun, ya fara koyo yana ɗan shekara 18, ya ci azurfa a gasar duniya ta 2011 da zinare a Landan a 2012, bai karɓi kuɗin karawa ba sai a 2013.

Joshua ɗin nan ne ya amsa tambayar da Ngannou ya tayar. A ranar 8 ga Maris ɗin 2024, a Riyad ɗin dai, ya kai shi ƙasa sau uku, ya sumar da shi a turmi na biyu. Kuma kada a manta, Ngannou ba ɗan tsintuwa ba ne: tsohon zakaran UFC ne na ajin masu nauyi, yana da masu horarwa da likitoci da lauyoyi. Idan mai wannan gata ya kwashi kashinsa a hannu, ina ga wanda ya sauka a tashar mota a Legas da jaka ɗaya?

Waɗanda suka tsallaka, da waɗanda aka taka

Gaskiya ne akwai waɗanda suka yi nasara ba tare da sun bi ta matakin 'yan koyo ba. Dwight Muhammad Qawi ya koyi boksin a gidan yarin Rahway da ke Amurka, ya zama ƙwararre a 1978, ya ɗauki kambun duniya a 1981. Amma shi ma ya shafe lokaci yana atisaye a ƙarƙashin tsari, ya kuma samu wurin horo da gwanaye a Filadelfiya. Abin da ya tsallake shi ne gasa. Koyo kam bai tsallake shi ba.

Ga mafi yawan masu shiga ta wannan ƙofa, makomar daban ce. Kasuwar boksin na buƙatar waɗanda za a doke. Mai shirya wasa da ke son gina sunan ɗan wasansa yana neman abokin karawa mai ƙarfin hali, marar gogewa, mai araha, wanda ba zai tambayi abin da takardar yarjejeniya ta ƙunsa ba. Ɗan damben gargajiya daga ƙauye, wanda ba ya jin Turanci kuma ba shi da wakili, ya cika duk waɗannan sharuɗɗa. Da yake yawancin manyan karawar ƙwararru a Najeriya a Legas ake yin su, kamar GOtv Boxing Night da aka fara a 2014, zai kasance nesa da gida kimanin kilomita dubu, ba mai tsaya masa. Tsalle ɗaya akan yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki.

Ko gogaggu ba su tsira ba idan talauci da sakacin sa ido suka haɗu. A ranar 29 ga Maris ɗin 2025, Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da Yammacin Afirka mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a filin Bukom da ke Akara, ya kuma rasu. Hukumar NBBofC ta ce izinin da ta ba shi na wata karawa ce da aka soke, ba wadda ya mutu a cikinta ba. Tsarin da ya kasa kare zakara, da wuya ya kare baƙon da ba a san sunansa ba.

Inda alhaki ya rataya

Faɗa wa matashi ya yi haƙuri ba ya wadatarwa idan ba a nuna masa inda zai koya ba. Kuma matakin 'yan koyon kansa ya raunana a ƙasar baki ɗaya: rabon Najeriya da lambar boksin a Olamfik tun tagullar Duncan Dokiwari a 1996, kuma a Faris a 2024 ta dawo ba ko lamba ɗaya a kowane wasa. A watan Oktoba na wannan shekarar aka rushe ma'aikatar wasanni ta tarayya, aka mayar da aikin ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Sauyin suna a Abuja ba zai kai ga Sifawa ko Kajiji ba sai an gina wani abu a ƙasa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: ɗaki mai rufi, buhunan naushi, safar hannu, ma'aunin nauyi, da mai horarwa mai takardar shaida. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, matasan Bodinga da Shagari na da hujjar tambayar shugabanninsu da kansilolinsu nawa aka ware wa wasanni, kuma ina kuɗin suka shiga. Gwamnatin jiha kuma na iya shirya gasar 'yan koyo tsakanin ƙananan hukumomi 23 a filin wasa na Giginya, ta zaɓi wakilanta na Gasar Wasanni ta Ƙasa daga nan.

Sai batun lafiya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma yana kusa da waɗannan garuruwa. Ya dace a shardanta gwajin likita kafin duk wata karawa da ake karɓar kuɗin shiga, ta gargajiya ko ta boksin, a ajiye motar asibiti a bakin fage, a kuma buɗe rajistar da za ta nuna wanda aka sumar da ranar da aka sumar da shi. Sarakunan dambe da masu gidajen wasa su ne suka fi kowa sanin 'yan wasan, don haka da su za a fara.

Akwai kuma zaɓin da ake yawan mantawa da shi. Damben gargajiya da kansa yana zama sana'a mai kasuwa, kuma a cikinsa ɗan Sakkwato shi ne malami, ba ɗalibi ba. Wanda ya zaɓi tsayawa a nan ya nemi a rubuta masa yarjejeniya da Hausa, ya san rabonsa daga bidiyon da ake sayarwa da sunansa. Wanda kuma zuciyarsa ta karkata ga boksin, ya ba shi shekarun koyon da Joshua ya ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk mai shirya wasan da ya ce maka ƙarfin hannunka ya isa, ka tambaye shi wa zai biya kuɗin asibiti.