Gasar Hakaton ga Ɗalibai 'Yan Koyo: Fa'idodi da Illoli

Ƙungiyoyin ɗaliban ilimin kwamfuta a jami'o'i da dama sukan ware ƙarshen mako guda don gasar da ake kira hakaton. Ana haɗuwa da yammacin Juma'a ko safiyar Asabar a babban ɗaki, a kasu rukuni-rukuni, galibi mutum uku ko huɗu. Kowane rukuni sai ya zaɓi wata matsala, ya zauna ya haɗa manhajar da za ta magance ta cikin sa'a 24 zuwa 48, sannan ya nuna wa alƙalai abin da ya yi a cikin 'yan mintoci.

Irin wannan zama ya samo sunansa a 1999, lokacin da masu gina manhajar OpenBSD suka taru a birnin Calgary na Kanada. A 2009 ɗaliban Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka fara tasu mai suna PennApps, a 2013 kuma aka kafa Major League Hacking don tallafa wa gasannin ɗalibai. Yau al'adar ta iso jami'o'inmu ta hannun ƙungiyoyi irin su NACOS da rukunonin ɗalibai da Google ke mara wa baya. Wanda ya fi jan hankalina shi ne nau'in da ake shirya wa 'yan koyo, waɗanda ba su taɓa haɗa manhaja ko ɗaya ba. Shin suna ƙaruwa da shi, ko gajiya kawai suke kwasowa?

Fa'idodi

Babbar fa'idarsa ita ce cire tsoro. Ɗalibi yana iya kai aji biyu ko uku yana cin jarrabawar Java ko Python a kan takarda, amma bai taɓa ganin abin da ya rubuta yana aiki a wayar wani ba. A zuciyarsa haɗa manhaja aikin wasu ne na daban, masu baiwa. Ranar da ya danna maɓalli ya ga shafin da ya gina da hannunsa ya buɗe, wannan tunani ya rushe. Gani ya kori ji.

Ta biyu ita ce koyon abubuwan da lacca ba ta cika tsayawa a kansu ba. A wurin ne da yawa suke fara amfani da Git da GitHub, inda mutum huɗu za su yi aiki a kan manhaja ɗaya ba tare da wani ya goge aikin wani ba. A wurin ne suke koyon karanta saƙon kuskure su gane inda matsalar take, maimakon su rufe kwamfutar su tashi. Ƙarancin lokaci kuma yana tilasta musu yanke shawara: me za a gina yanzu, me za a bari? Wannan tambaya ita ce ma'aikacin manhaja yake fama da ita kullum.

Ta uku ita ce mutane. A aji, kowa da makinsa. A hakaton kuwa, wanda ya iya zane yana buƙatar wanda ya iya rumbun bayanai, su biyun kuma suna buƙatar mai iya tsayawa gaban jama'a ya yi bayani. Ɗan aji ɗaya yakan zauna kusa da ɗan ajin ƙarshe ko tsohon ɗalibin da ke aiki a kamfani, ya yi tambayar da yake jin nauyin yi wa malami. Ta irin wannan sanayya wasu suke samun wurin koyon aiki.

Wani lokaci ma abin da aka fara yakan girma. Manhajar aika saƙo ta GroupMe an haɗa samfurinta na farko ne a hakaton ɗin TechCrunch Disrupt a New York a 2010, kuma Skype ta saye ta a 2011.

Illoli

Sai dai labari irin na GroupMe ba kullum yake faruwa ba, kuma yawan ambatonsa yana ruɗar matasa. Mafi yawan ayyukan da aka nuna ranar Lahadi ba a sake taɓa su daga Litinin. Abin da aka haɗa cikin gaggawa yakan rasa tsaro da tsari, ba a gwada shi ba, an yi shi ne don ya yi aiki na minti uku gaban alƙalai. Idan ɗan koyo ya ɗauka haka ake aikin manhaja, ya ɗauki mugun darasi. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 matsalar ta ƙaru, domin rukuni yana iya nuna manhaja mai sheƙi wadda ba ko ɗaya a cikinsu da zai iya bayanin yadda take aiki.

Akwai kuma rashin barci. Kwana biyu a zaune kan shayi da lemon ƙara kuzari yana rage kaifin tunani, ɗalibi ya shiga laccar Litinin a galabaice. Abin da ya fi muni shi ne yadda ake mai da wannan wahala abin alfahari, har matashi ya ɗauka gwaninta tana tare da ƙin hutawa.

Illa ta uku ita ce wariyar da ba a yi niyya ba. Wanda ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka ko kuɗin data an riga an bar shi a baya. Ɗaliba mace da iyayenta ko dokar ɗakin kwana ba za su bar ta ta kwana a zauren taro ba, ita ma haka. A inda wuta ba ta tsayawa, idan ba a tanadi janareta da intanet mai ƙarfi ba, rabin lokacin a jira zai ƙare.

Ta huɗu ita ce gasar kanta. Ko an rubuta cewa ta 'yan koyo ce, gwanaye sukan shigo su kwashe kyauta, wani lokaci da aikin da suka fara tun a gida. Manyan gasanni ma ba su tsira ba: a 2013 kamfanin Salesforce ya sha suka bayan ya ba da kyautar dala miliyan ɗaya ga wani aiki da aka yi zargin an fara shi kafin gasar, har daga baya ya ba wa waɗanda suka zo na biyu irin wannan kuɗi. A cikin rukuni ma, gwani ɗaya yakan riƙe kwamfutar, a bar sabon shiga da shirya hotunan gabatarwa, ya koma gida yana ganin bai iya komai ba.

Hukunci

Idan aka auna, fa'idodin sun rinjayi illolin, domin yawancin illolin daga tsarin shiryawa suke fitowa, kuma ana iya gyara su. Masu shiryawa su gudanar da shi da rana, kowa ya koma ya yi barci. Su ware lokacin salla da na abinci, su tanadi kwamfutocin aro daga ɗakin gwaji na sashe, su yi bitar Git kafin ranar. A ware kyauta ta 'yan koyo zalla, kuma alƙalai su tambayi kowane ɗan rukuni abin da ya yi da hannunsa. Malamai kuma su ɗauki ayyukan da suka nuna alamar nagarta su mai da su aikin zango ko na kammala karatu.

Kai kuma ɗalibi, kada ka jira sai ka ƙware kafin ka sa sunanka. Ka je da niyyar koyon abu ɗaya da ba ka iya ba, ka yi tambaya ba kunya, sannan bayan gasar ka koma kan aikin ka gyara shi a tsanake har ka fahimci kowane layi. Kwana biyu ba sa mai da mutum gwani, amma sun isa su sa shi a hanya.