Ajin Manya A Karare: Daga Ina Za A Fara?

Mazaɓar Karare da ke ƙaramar hukumar Batsari na cikin yankunan yammacin Katsina da 'yan bindigar dajin Rugu suka ɗaiɗaita, kamar maƙwabciyarsu Safana. Manoma sun bar gonaki, mata da dama sun zama iyayen marayu, matasan da suka bar makaranta kuma sun girma. Duk wani shirin farfaɗo da yankin sai ya haɗa da koyar da manya. Tambayar ita ce: ta wace hanya?

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, ta buɗe azuzuwa a ƙauyuka, hukumar NORLA ta Zariya kuma ta buga littattafai. An samu nasara, amma sunan kansa na da aibi, domin ya jefa mai karanta Alƙur'ani da rubuta ajami cikin sahun jahilai. Har yau wasu malamai na zaunar da magidanci mai jikoki suna sa shi bitar baƙaƙe da wasula kamar ɗan aji ɗaya. Dattijon da ya ji kunya a gaban sa'o'insa ba ya dawowa.

Masana sun daɗe da gano wannan. Malcolm Knowles na Amurka ya nuna cewa babba na zuwa aji da gogewarsa, kuma yana neman abin da zai amfane shi nan take. Paulo Freire na Brazil ya soki koyarwar da ke ɗaukar ɗalibi tamkar asusun da ake zuba wa ilimi. A garin Angicos, a 1963, ya fara da kalmomin da ma'aikatan karkara ke amfani da su kullum, mutum kusan 300 suka koyi karatu cikin 'yan makonni.

Kalmomin Karare a bayyane suke: taki, buhu, bashi, waya, magani. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna asarar da ke jiran mai sayar da hatsin da bai iya karanta saƙon banki ba, sai ya dogara da mai POS. Ajin da ya fara da wannan saƙo, da lissafin riba, da rubutun jikin kwalbar maganin feshi, zai riƙe ɗalibansa. Haka ma ajin da ya ɗora boko kan ajami, ya kauce wa ranar kasuwa da lokacin shuka, ya tanadi malamai mata ga matan aure.

Hukumar ilimin manya ta Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta samu yabon UNESCO, shaida ce cewa abin mai yiwuwa ne a Arewa. Ya rage wa jami'an Katsina su daina auna nasara da yawan sunayen da ke rajista. Ma'aunin gaskiya shi ne mutum nawa suka kammala, kuma nawa ne yanzu ba a iya cutarsu a ciniki.