"Ni ɗan ba-ruwanmu ne": a daina ɓoyewa bayan wannan kalma

Akwai maganar da ta ishe mu a fada da wuraren shan shayi. Da an kira taron unguwa kan yasar lambatu ko gyaran aji a lakwal, sai wani ya kaɗa kai ya ce: "Ni fa ɗan ba-ruwanmu ne, ba ni cikin kowace ƙungiya." To malam, wa ya tambaye ka kati?

Yawancinmu a rediyo muka fara jin kalmar nan, inda ake cewa ƙasashe ƴan ba-ruwanmu. A 1961 aka kafa ƙungiyarsu a birnin Belgrade, da su Tito, Nasser, Nehru, Sukarno da Nkrumah. Abin da suka ƙi shi ne zama ƴan amshin shatar Amurka ko Tarayyar Sobiyet. Amma kan mulkin mallaka da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, bakinsu bai mutu ba. Ba su taɓa cewa ba ruwansu da duniya ba.

Mu kuwa mun mayar da kalmar bargon ragwaye. Marar ƙungiya, wanda bai da katin jam'iyya ko na sandika, sunansa mai zaman kansa, kuma muna girmama shi, don ya fi kowa damar faɗin gaskiya ba tare da tsoron ubangida ba. Wanda ya ga bola ta toshe hanyar ruwa a ƙofar gidansa ya tsallake ya wuce, shi sunansa daban: ɗan ko-in-kula.

Tun watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar. Yau ba mai katin jam'iyya da ke aiki. Ke nan dukanmu sai mu naɗe hannu? A damanar 2024 ruwa ya ci gidaje a Maraɗi, ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ambaliyar ba ta tambayi kowa ƙungiyarsa ba.

Kakanninmu sun yi gayya ba tare da takardar rajista ba. Kira kawai ake yi, kowa ya saɓo hauyarsa.

Don haka ba mu ce dole ka shiga ƙungiya ba. Zauna da ƴancinka. Amma ranar aikin unguwa ka fito da shebur ɗinka. In ka ƙi, kar ka ƙara ara sunan su Nkrumah, ka fito fili ka ce ƙyuya ce. Allah ya sa mu gyara.